Yadda Ake Tsara Nutson Na'ura a Ƙasan Teku

Takardar shirin nutso ta farko da na taɓa rubutawa shafi huɗu ce. Na ja layi mai tsawon kilomita biyar a kan taswira, na jera zango goma sha ɗaya, kowane zango da abin da za a ɗauko. Na kai wa babban matuƙin na'ura ina ji da kaina. A tsaye ya karanta, kofin shayi a hannu, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan aikin kwana nawa ne?" Na ce awa goma sha biyu. Bai yi dariya ba. Biro ya ciro ya soke zango bakwai, ya miƙo mini takardata ya ce in je in zaɓi uku daga cikin huɗun da suka rage.

Na'urar da muke magana a kai ita ce wadda ma'aikata ke kira ROV: injin nutso da ba mutum a cikinsa, mai kyamarori da fitilu da farfeloli, manyansu har da hannuwa biyu na ƙarfe. Kebul ne ke haɗa ta da jirgi, ta cikinsa wuta ke sauka, hoto ke hawowa, matuƙi kuma yana zaune a wani ɗaki mai duhu a kan jirgin yana juya ta. Masu bincike na amfani da ita, haka ma kamfanonin mai. Rijiyoyin Bonga da ke kusan kilomita 120 daga gaɓar Najeriya suna ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, kuma tun da aka fara haƙo mai a can a 2005 ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa sa hannu a bakin rijiyoyin nan a inda suke. Na'ura ce ke zuwa. Jagorar nan ta fi karkata ga nutson bincike, amma lissafin ɗaya ne.

Abin da ake gamawa tun ana tudu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan binciken a ruwan wata ƙasa za a yi shi, wato cikin mil 200 na teku daga gaɓarta, yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce a ba ƙasar cikakken bayanin aikin aƙalla wata shida kafin a fara. Izinin ɗaukar hoto daban, izinin ɗebo halittu ko duwatsu daban, ka karanta takardar ka ga wanne aka ba ka. Idan kuma kusa da dandamalin haƙar mai ne, akwai da'irar mita 500 da ba jirgin da ke shiga sai da yardar masu wurin.

Sai ka san na'urar da za a ba ka. Kowace tana da iyakar zurfinta: Hercules ta jirgin Nautilus mita 4,000, SuBastian mita 4,500, Deep Discoverer ta hukumar NOAA ta Amurka mita 6,000, Jason ta cibiyar Woods Hole mita 6,500. Iyakar nan ba ta ciniki ba ce. Duk mita goma da aka sauka, ruwa na ƙara danna abu da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a nan sama, saboda haka a mita 4,000 dannawar ta ninka sau ɗari huɗu. Kuma ba na'urar kaɗai ake dubawa ba. Duk wani ɗan abin awo da ka zo da shi daga ɗakin bincikenka ka ce a ɗaura mata, shi ma yana da tasa iyakar. Kwalba guda ta fashe a ƙasa, ƙarfin fashewar na iya lalata na kusa da ita. Na'urar Nereus, wadda ta kai wuri mafi zurfi a kwazazzabon Mariana na ƙasan Tekun Pasifik a 2009, a watan Mayu na 2014 ta tarwatse a kwazazzabon Kermadec a zurfin kusan kilomita goma, ɓaraguzanta kawai aka gani suna yawo a saman ruwa. Ka tura wa injiniyoyi nauyin kayanka a iska da a ruwa, girmansa, wutar da yake ci da irin mahaɗinsa, makonni kafin tafiya. Wanda ya fito da sabon kaya daga jaka a tsakiyar teku, yawanci da shi yake komawa gida a bushe.

Tambaya ɗaya a saman takarda

Kafin ka taɓa taswira, rubuta jimla guda: me ya sa ake yin wannan nutson? Idan jimlar ta zo da "da kuma" har sau uku, nutso uku ne ka cusa a ɗaya. A jirgi akwai masanin duwatsu, akwai masanin halittu, akwai mai son ruwa kawai, kowa da buƙatarsa kuma kowa na da gaskiya. Taura biyu dai ba ta taunuwa. Raba ayyukan kashi uku: wanda in ba a yi shi ba nutson ya tashi a banza, wanda ake so, da wanda za a yi in an samu rara. A yi wannan gardamar a teburin cin abinci da daddare, kowa ya ji, kowa ya amince. Gardamar da aka bari har na'ura ta isa ƙasa, da lokacin ƙasa ake biyanta, kuma babu lokacin da ya kai shi tsada.

Taswira ba ƙasa ba ce

Kada ka tsoma na'ura inda jirgi bai auna ba. Yawancin jiragen bincike na da abin auna zurfi a cikinsu mai harba sauti ya saurari amsa-kuwwa, kuma da daddare ake bi ta kan wurin a zana shi. Sai dai ka san iyakar abin da aka zana. A ruwa mai zurfi, kowane ɗigo a taswirar na iya wakiltar fili mai faɗin mita gommai. Dutse mai girman bene na iya ɓoyewa a ciki. Gangaren da ya fito a kwance a allo, kana isa ka tarar da bango tsaye. Ita kuwa na'ura, fitilunta ba sa haska fiye da 'yan mitoci a gabanta. Ka ɗauka mutum ne da tocila a dajin da bai sani ba, cikin daren da babu wata.

GPS ba ya aiki a cikin ruwa. Jirgi ya san inda yake, sannan da sauti yake gano inda na'ura take: ya kira, wani ɗan abu a jikinta ya amsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a ruwan teku, amma gudun na canzawa da ɗumi da gishiri da zurfi, shi ya sa ake auna ruwan wurin kafin nutso. Duk da haka kuskure na ƙaruwa da zurfi. Idan kana neman wani abu da aka ajiye bara, sa lokacin lalube a cikin shirinka, kuma ka nemo hoton wurin da zurfinsa daidai, don zurfi ya fi lambobin wuri riƙon amana.

Ga wani ƙaramin abu mai ɓata babban aiki. Lambobin wuri ana rubuta su iri-iri. Wani ya rubuta digiri 4.30, wani ya karanta digiri 4 da minti 30. Tsakanin biyun akwai tazarar kilomita 22. Ka tambayi mai lura da hanya irin rubutun da kwamfutarsa ke karɓa, ka ba shi haka, sannan ku tsaya tare ku ga zangunan sun faɗo inda kake nufi a kan allo.

Lissafin lokaci: daga ƙarshe ake farawa

Nan ne gizo ke saƙa. Kada ka fara da tambayar nawa kake son gani. Fara da ƙarfe nawa dole na'ura ta dawo kan jirgi, ka riƙa cirewa kana dawowa baya.

A ce an ba ka awa 12, zurfin wurin mita 3,000. Manyan na'urori kan sauka da gudun kusan mita 30 a minti, wato minti 100 sauka, minti 100 hawa. Awa uku da minti ashirin sun tafi ba ka ga komai ba sai baƙin ruwa da ɗan farin gari-gari da ke zuba kamar ana sheƙar gero. Sakawa a ruwa da fitarwa, ba su rabin awa kowanne. Isa ƙasa ba fara aiki ba ne: matuƙi zai daidaita nauyi, a gyara launin kyamara, a tabbatar da inda ake, a ce minti ashirin. Abin da ya rage maka awa bakwai da minti ashirin.

Yanzu samfuri. A allo abin kamar wasa ne: hannu ya miƙa, ya ɗauka, ya sa a akwati. A zahiri sai an sami wurin zama, na'ura ta sauka, laka ta tashi, a jira ta kwanta, a ɗauki hoton abin kafin a taɓa shi, a fito da hannu, a buɗe akwati, a saka, a rufe, a mayar da hannu. Ka ba kowane samfuri minti goma sha biyar ba ka yi almubazzaranci ba. Samfuri 15 sun cinye awa uku da minti arba'in da biyar. Saura awa uku da minti talatin da biyar. Ware awa guda ka ajiye gefe, don wani abu zai faru: ko inji ya yi gardama, ko ku ci karo da wata halitta da kowa a ɗakin zai ce a tsaya. Awa biyu da rabi ke nan na tafiya. In ana tafiyar kallo, wadda za a iya gane abin da ke hoton, mita 500 a awa gwargwado ne. Duk tafiyarka ba ta wuce mita 1,300 ba.

Ka ga inda kilomita biyar ɗina suka shiga. Lambobin nan na misali ne, kowace na'ura da nata, kuma matuƙa sun san na tasu. Tambaye su, ka rubuta abin da suka faɗa, ba abin da kake fata ba. Sannan a gefen kowane zango ka sa lokacin da ya kamata a bar shi, ka kuma ja layi ƙarƙashin zangon da za a tsallake idan an makara. Ni a ganina shirin da ba a nuna inda za a yanke shi ba bai kammala ba. Aikin da ya fi muhimmanci kuwa a sa shi da wuri. Kada ka ajiye shi ƙarshe kamar naman miya, don ba ka san lokacin da za a ce a tattara ba.

Hanya: a hau, kada a gangara

Fara daga wuri mafi zurfi ka hau tudu. Manyan kyamarori da fitilu da hannuwa duk a gaba suke. Mai hawa yana fuskantar ƙasa, yana ganin abin da ke zuwa. Mai gangara kuwa ruwa kawai yake kallo, bayansa da kebul ɗinsa na wajen dutsen da ba ya gani. Na biyu, in da hali a fuskanci gudun ruwa, don lakar da farfeloli suka tayar ta wuce baya. Ka zauna ruwa na bin bayanka, ƙurar da ka tayar ita za ta rufe maka ido, ka yi ta jira. Gudun ruwan ƙasa ba lallai ya bi na sama ba, sai an isa ake tabbatarwa, saboda haka ka tanadi hanya ta biyu.

Sannan ka tuna ba na'ura kaɗai ke tafiya ba, har da jirgi. Manyan na'urorin bincike da yawa biyu-biyu suke aiki. Akwai wani abu mai nauyi da ke rataye a kan kebul na ƙarfe yana shanye girgizar jirgi, kamar Argus ga Hercules ko Seirios ga Deep Discoverer, sai ɗan gajeren kebul mai laushi daga jikinsa zuwa na'urar. A aikin mai kuma keji ake saukarwa, na'ura ta fito daga ciki. Ko wanne ne, akuya ce a turke: iyakar igiyarta, iyakar kiwonta. In ana son ci gaba, sai a matsar da turken, wato a roƙi masu tuƙin jirgi su matsa mita kaza zuwa kusurwa kaza. Jirgi ya matsa, abin da ke rataye kilomita uku a ƙasa ba zai biyo nan take ba, sai bayan wasu mintoci. Shi ya sa hanya mai yawan kwana-kwana ke cin lokaci. Miƙaƙƙun layuka, kaɗan, su ne abokanka. Kai takardar wurin kyaftin ma ya gani. Jirgin na riƙe wurinsa ne da injinan da kwamfuta ke sarrafawa, yana so ya sa hancinsa cikin iska, kuma akwai kusurwar da in ka ce ya bi, iska da ruwa za su ture shi.

Shirya kwando

Gaban na'ura akwai wurin kaya, wato kwando, kuma ƙarami ne. Bututun ɗiban laka, akwatuna masu murfi na halittu, bututun tsotso mai kwalabe, kwalaben ɗiban ruwa, wurin duwatsu. Zana hotonsa daga sama, ba kowane gurbi lamba, manna zanen a ɗakin sarrafawa. Lambobin a rubuta su manya a jikin kayan inda kyamara za ta gani. Na taɓa ganin an dawo da bututun laka shida iri ɗaya sak, biyu lambarsu ta juya baya, aka kwana ana mayar da bidiyo don a gane wanne aka cika a ina.

Nauyi ma lissafi ne. Na'ura an daidaita ta ne ta kusan yin yawo a ruwa, duk dutsen da aka ɗauka yana ja ta ƙasa. Tambayi kilo nawa aka yarje maka. Halittu masu laushi a bar su zuwa ƙarshe, a sa su a akwati mai riƙe sanyi, don ruwan can ƙasa bai wuce digiri biyu zuwa huɗu ba, na saman Mashigin Gini kuwa ya haura 25. Dutse kuma yaudara gare shi. Wanda ka gani kamar an ajiye maka shi, sau da yawa a manne yake. Ku yi yarjejeniya tun a sama: gwaji uku ko minti goma, in bai taso ba a bar shi.

Bakin ruwa

Mutum zai zaci haɗarin yana can ƙasa. Mafi yawan faɗuwar gaba a bakin ruwa take, lokacin da tan-tan na ƙarfe ke lilo a gefen jirgi, taguwar ruwa na ɗaga shi tana saki. A watan Janairu na 2011 na'urar Birtaniya mai suna Isis ta yi karo da farfelar jirginta, James Cook, a ruwan kudancin duniya, sai da aka sake gina ta. Kaiko ta Japan, wadda ta sauka ƙasan Mariana a 1995, a watan Mayu na 2003 ta ɓace kusa da tsibirin Shikoku, guguwa na tahowa, kebul ɗinta ya tsinke, har yau ba a gan ta ba.

Hasashen yanayin da ya dame ka ba na lokacin sakawa ba ne, na lokacin fitarwa ne. Safiya ta yi luf, amma me ake sa rai bayan awa goma sha biyu? Kuma daga mita 3,000, ko yanzu aka ce a taso, sai an yi kusan awa biyu kafin ta iso. Kowane jirgi da iyakar iska da taguwar da yake aiki a ciki. Idan shugaban matuƙa ko kyaftin ya ce a'a, magana ta ƙare. Kada ka bi shi da magiya. Abin da ya kamace ka shi ne aikin madadin da ka riga ka rubuta: auna taswirar gobe, ɗiban ruwa, ko matsawa wurin da tsibiri ya tare iska.

A ɗakin sarrafawa

Ɗaki ne mai sanyi da duhu, allo ko'ina, kowa da abin magana a kunne. Yawanci duti awa huɗu ne, hutu awa takwas. Mutum ɗaya ne madugun duti, shi kaɗai ke gaya wa matuƙi abin da ake so. Baki biyar a kunnen mutumin da ke ƙoƙarin zaunar da na'ura a gefen rami ba taimako ba ne. Ka faɗi abin da kake so, ba yadda za a yi ba, ka nuna a allo: wancan farin, hagu da jan ɗigo. Ɗigon nan biyu na hasken leza, a na'urori da yawa tazararsu santimita goma ce, da su ake gane girman abu. Abin da ya cika allo sau da yawa bai kai ɗan yatsa ba.

Mai rajista ya rubuta komai: lokaci, zurfi, wuri, lambar samfuri, gurbin da aka sa shi. Duk agogo a bi lokacin duniya na UTC, wanda agogon Najeriya da Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya, kada wani ya rubuta da agogon hannunsa. Masu karɓar duti su iso minti goma kafin lokaci, kuma ba a canza hannu ana tsakiyar ɗaukar samfuri.

A takardar shiri a bar wuri na abin da zai sa a katse nutso: man na'ura ya fara zuba, wuta ta taɓa ruwa, hoto ya ɗauke, jirgi ya kasa riƙe wurinsa. Ka sa har da tsoffin igiyoyi da ragar masunta, waɗanda ke taruwa a kan duwatsun ƙarƙashin teku, daidai wuraren da masu bincike ke so. An ga igiya, a tsaya, a duba inda ta nufa, a kauce. Sannan kafin kowane nutso a tabbatar abin amsa kiran da ke jikin na'ura da fitilarta mai walƙiya suna da batirinsu mai caji, wanda bai dogara da kebul ba. A watan Agusta na 2021 Hercules da Argus sun rabu da kebul ɗinsu kusa da gaɓar yammacin Kanada, suka zauna a zurfin fiye da mita 2,000. Bayan kusan mako guda Jason ta sauka daga wani jirgin aka ɗauko su duka biyun.

Bayan ta hau

Ba mai matsawa kusa sai matuƙa sun ɗaure ta, sun kashe wuta, sun ce bismillah, don wutar da ke bin kebul ɗin nan mai kisa ce. Kafin nan bokitai masu lamba da ruwan teku mai sanyi su riga su jeru. Halittu su fara shiga ɗakin sanyi, sai laka, duwatsu su jira. Mai rajista ya tsaya da zanen kwando yana kira, ana cirewa ɗaya bayan ɗaya. A kwafe bidiyo da bayanai wuri biyu kafin kowa ya kwanta.

Sannan ka ɗauko takardar shirinka, a gefen kowane lokacin da ka ƙiyasta ka rubuta wanda aka ci a zahiri: sauka minti nawa, kowane samfuri minti nawa, mita nawa aka yi a awa, ta ina ruwa ya gudu. Da waɗannan lambobin za ka rubuta shirin gobe. Ka kai shi wurin matuƙa da wuri, don su ma suna buƙatar awoyinsu na duba mai, wanke gishiri da sake jera kwando kafin asuba.